Tsohon Kan Sarki da Darajarsa

Wata rana aka ce a share wani ɗakin ajiya da ke bayan ofishin da na ke aikin akawu, don ana bukatar wurin. Ɗakin nan cike ya ke da tsofaffin takardu tun na zamanin En'e, gara ta ci waɗansu, yoyon damina ya ɓata waɗansu. Masinja ya tara abin da ya ga ba shi da sauran amfani a tsakar gida zai sa wuta, sai na hangi wani ambulan mai ruwan ƙasa da kan sarki liƙe a kusurwarsa. Na ɗauka na karkaɗe. Ashe kan Sarki Joji na Shida ne, na ahu, watau kwabo da rabi, an buga masa hatimin gidan wayar Zariya cikin 1948.

Masinjan nan dattijo ne. Ya dube ni ya ce, "Malam, in an ɓamɓare wannan an liƙa a wata wasiƙa, zai kai ta?" Kafin in ba shi amsa sai wani saurayi da ke koyon aiki wurinmu ya ce shi ya ji labari tsohon kan sarki miliyoyi a ke sayensa a Turai. Na ce wa dattijon, "Baba, ba zai kai ba." Na ce wa saurayin, wannan ko kuɗin goro ba zai kawo masa ba. Amma duk da haka ban yarda an ƙone shi ba. To, dalilin waɗannan abubuwa uku shi na ke so in bayyana wa mai karatu, ba kuwa za a gane su sosai ba sai an san asalin kan sarki da hanyar da ya biyo har ya iso gare mu.

KAFIN A SAN KAN SARKI

Mu a ƙasar Hausa mun san wasiƙa tun kafin zuwan Turawa. Sarakuna su kan aika wa juna takardu da Larabci, magatakarda ya rubuta, a buga hatimin sarki a sama, manzo ya sa a gafaka ya hau doki. Wasiƙun da Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya yi ta musaya da Shehu Laminu na Barno har yau malamai na karanta su. Talaka kuwa in yana da saƙo sai ya jira fatake masu zuwa Gwanja, ko ayarin da za shi Tarabulus, ya ba su amana. Saƙo ya kan isa in Allah ya kai mai ɗauke da shi lafiya, ba kuɗin da aka yanka, ba kuma ranar da aka sa.

A Ingila akwai gidan waya na gwamnati tun da daɗewa, amma tsarinsa ya matsa wa talakawa ƙwarai. Galibi wanda aka aika wa wasiƙa shi ke biya, kuɗin kuwa bisa nisan tafiya da yawan warƙoƙi a ke lissafa shi. Warƙa guda daga Landan zuwa babban birnin Sikotilan ta kan ci fiye da sule, abin da ya yi kusa da ladan yinin lebura a lokacin. Wakilan majalisa su kuma kyauta a ke kai tasu, muddin sun sa hannu a baya, saboda haka sai 'yan'uwa da abokan arziki su yi ta kawo musu wasiƙu suna sa hannu. Da talakawa suka ga haka, su ma sai suka nemi tasu dabara. Mai tafiya ya kan shirya da mutanen gida cewa in sun ga alama kaza a bayan wasiƙa, to, lafiya lau ya ke. In mai rarraba wasiƙu ya kawo, sai a karɓa a jujjuya, a ga alama, a mayar masa a ce ba kuɗin biya. Saƙo ya isa, gwamnati ta yi ɗawainiyar banza.

DABARAR WANI MALAMIN MAKARANTA

Wanda ya warware wannan wani malamin makaranta ne, sunansa Rowland Hill. Cikin 1837 ya buga wani ɗan littafi inda ya zauna ya yi lissafi, ya nuna cewa ɗaukar wasiƙa daga gari zuwa gari ba ta cin wani abin kirki, abin da ke cin kuɗi shi ne aikin akawuna masu auna nisa da ƙidaya warƙoƙi, da yawon bin gida gida karɓar kuɗi. Ya ce a yanka kuɗi ɗaya mai sauƙi ga ƙasa duka, mai aikawa ya biya tun da fari, shaidar biyan kuwa ta zama wata 'yar takarda mai ƙaro a baya wadda za a jiƙa a liƙa. Manyan gidan waya suka yi ta gardama, amma 'yan kasuwa suka goyi bayansa, majalisa ta yarda.

Ran 10 ga watan Janairu 1840 aka soma kai wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba ko ina cikin ƙasar a kan kwabo ɗaya. Ran 6 ga watan Mayu na shekarar nan aka fara aiki da kan sarki na farko a duniya. Baƙi ne, na kwabo, da hoton kan Sarauniya Biktoriya tana yarinya. Ba shi da haƙoran nan na gefe da mu ka saba gani, da almakashi a ke yanka shi, sai cikin 1854 aka fara huda tsakani. Bai daɗe ba, don jan hatimin da a ke kashe shi da shi ba ya fita sosai a kan baƙi, har ma a kan wanke shi a sake aiki da shi. Saboda haka cikin 1841 aka mai da kan sarkin ja, tawadar hatimi baƙa. Lissafin Hill kuwa ya fita, gama wasiƙun da aka aika cikin 1839 wajen miliyan 76 ne, na 1840 suka kusa miliyan 169.

Sauran ƙasashe suka ga abin kirki suka ɗauka. Barazil ta fitar da nata cikin 1843, Amurka cikin 1847, Faransa cikin 1849. Ran 9 ga watan Oktoba 1874 wakilan ƙasashe suka taru a Bern ta Suwizalan suka ƙulla alkawari, cewa kan sarkin da aka saya a ƙasa ɗaya ya isa ya kai wasiƙa cikin sauran ƙasashen ƙungiyar, ba sai an sake biya a ko wace iyaka ba. Da ya ke Ingila ce ta fara, har yau ba ta rubuta sunanta a jikin nata, kan mai sarauta shi ne sunan. Ba wuya a gane inda mu ka sami sunan da mu ke kiransa. Sa'ad da ya bazu ƙasarmu kawunan sarakunan Ingila ne a jiki, sunan kuwa ya zauna, har yanzu ko hoton gyaɗa ne ko na tsuntsu, kan sarki a ke ce masa.

YADDA YA ISO GARE MU

Ta bakin teku ya shigo. Ikko ta sami nata cikin 1874. A kan kogin Kwara kuwa Kamfanin Neja, wanda ke riƙe da ciniki da mulki a wurin, da na Ingila ya ke aiki, sai dai a buga masa hatimin kamfani a Akasa ko Burutu ko Lakwaja. Ran 1 ga watan Janairu 1900 Lugga ya karɓi mulki daga hannun kamfanin a Lakwaja, cikin shekarar nan kuma aka fitar da kan sarki mai sunan Nijeriya ta Arewa. Mai karatu ya lura da wannan. An buga sunan ƙasar a jikin kan sarki shekara uku kafin Turawa su shiga Kano da Sakkwato, gama wannan sai cikin 1903 ya auku. Watau takarda ta riga bindiga faɗin abin da a ke nufi.

Kan sarkin Nijeriya ta Arewa shekara goma sha huɗu kaɗai ya yi, amma ya ga sarakuna uku. Na farko da kan Biktoriya ya fito, ita kuwa ta rasu cikin Janairu 1901. Na Edwad na Bakwai ya fito cikin 1902, na Joji na Biyar cikin 1912. Da aka haɗa Arewa da Kudu cikin 1914 sai aka fitar da mai sunan Nijeriya kurum. A farkon zamanin nan a ka a ke ɗaukar buhun wasiƙu, ko a kwalekwale, ko a bayan doki. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cikin 1936 kuma jirgin sama ya fara kawo wasiƙu Kano daga Hartum a kai a kai.

Cikin 1953, farkon sarautar Sarauniya Elizabet, aka fitar da wani jeri wanda dattawa da yawa za su tuna. Na kwabo da mahayan Barno, na ahu da gyaɗa, na kwabo biyu da haƙar kuza, na taro da gadar Jebba, na sule goma da dabbobi saboda cinikin fata da ƙirgi. Wanda ya jera waɗannan a gabansa ya ga abin da ƙasar ke ci da shi kafin a san man fetur. Cikin Maris 1959, da Jihar Arewa ta sami mulkin kai, aka fitar da biyu don tunawa, na taro da hoton majalisar Lugard Hall ta Kaduna, na sule da Masallacin Kano. Ran 1 ga watan Oktoba 1960 na 'yancin kai suka fito, jerin da ya biyo baya cikin 1961 kuwa ba kan Sarauniya a jiki, akwai ayarin raƙuma, akwai filin jirgin sama na Kano.

Har wahaloli da sauye-sauyen iyaka ba su ɓuya ba. Cikin 1960 aka ɗauki kan sarkin Nijeriya aka buga sunan Kamaru a kansa, don yankin nan da Ingila ke riƙo, kafin a yi ƙuri'ar 1961 wadda ta sa arewacinsa ya zauna cikin Nijeriya ya zama Lardin Sardauna, kudancinsa ya tafi Kamaru. Lokacin yaƙin basasa, cikin 1968, Biyafara ta fitar da nata. Ran 1 ga watan Janairu 1973 aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, kan sarki kuma ya bi sabon kuɗi.

DARAJA TA FARKO: KAI WASIƘA

Yanzu mu koma ga tambayar masinja. Kan sarki rasiɗi ne na aikin da ba a riga an yi ba. Ka ba gwamnati kuɗi, ita kuma ta yi maka alkawarin kai wasiƙa. Abu uku ke kashe wannan alkawari.

Na farko hatimi. Da zarar ma'aikaci ya buga masa hatimi, an cika alkawari, ba sauran bashi. Wanda ya wanke hatimi ya sake liƙawa ya yi zamba, doka kuwa na hukunta shi. Wannan ya isa amsa ga ambulan ɗinmu na Zariya.

Na biyu umurnin hukuma. Ko kan sarki sabo ne ful, hukumar da ta yi shi na iya cewa daga rana kaza ya daina aiki. Amurka ta yi haka cikin 1861, sa'ad da yaƙin basasa ya tashi, don kada jihohin da suka ɓalle su amfana da abin da ke gidajen wayarsu. Amma tun daga nan ba ta sake kashe na wasiƙa ba, wanda ya sami sabo na shekara ɗari da ta wuce yana iya liƙa shi yau, a lissafa masa kuɗin da ke rubuce a jiki. Ingila ta canja kuɗinta cikin Fabrairu 1971, bayan shekara guda na tsohon kwabo suka daina aiki. Cikin 2023 kuma ta sake kashe na yau da kullum waɗanda ba su da sabuwar alamar da na'ura ke karantawa, sai dai ta ba mutane damar musanya su. Da kuɗin yuro ya zo, Jamus ta kashe na tsohon kuɗinta a tsakiyar 2002, maƙwabciyarta Faransa kuwa ta bar nata suna aiki, a lissafa su da sabon kuɗi. Ka ga ke nan ba doka ɗaya ba ce ga duniya duka, ko wace ƙasa da tata. Mai tsohon kan sarki sabo, gidan waya ya kamata ya tambaya kafin ya liƙa.

Na uku faɗuwar kuɗi, ita ce kuwa ke kashewa ba tare da sanarwa ba. Misalin da ya fi ko wane shi ne na Jamus cikin 1923, inda kuɗi ya lalace har aka buga kan sarki guda na mak miliyan dubu 50, kuma a ƙarshen shekarar shi kaɗai bai isa ya kai wasiƙa daga gari zuwa gari ba. Mu ma mun ɗanɗana namu gwargwado. Na kwabo biyar ko goma da aka fitar cikin 1973, ko an yarda a karɓa yau, ambulan ba shi da faɗin da zai ɗauki yawan da a ke bukata. Don gudun irin wannan ne Amurka ta fito da wata dabara cikin 2007, kan sarkin da ba a rubuta kuɗi a jikinsa ba. An fara sayar da shi santi 41, yana kuwa kai wasiƙa guda ko yaushe, kome tashin farashi.

DARAJA TA BIYU: WURIN MASU TARAWA

Ba a daɗe da fara kan sarki ba mutane suka soma tara shi don sha'awa. Kafin 1865 har an sami kantuna masu cinikinsa da littattafai masu faɗin farashin ko wane iri. Sarakuna ma sun shiga, kamar Faruku na Masar, wanda aka yi gwanjon abin da ya tara cikin 1954 bayan an tuɓe shi. To, a nan ne saurayinmu ya ji rabin magana. Yana tsammani tsufa ke sa tsada, alhali kuwa ƙaranci ne, da lafiyar takardar, da yawan masu nema.

Dubi baƙin kwabon nan na 1840. Ba wanda ya girme shi, amma an buga fiye da miliyan 68, kuma da ya ke a lokacin a jikin wasiƙar kanta a ke liƙa shi, masu ajiye wasiƙu sun ajiye shi da yawa. Yau wanda aka yi aiki da shi, in mai kyau ne, 'yan ɗaruruwan fam ne, mai naƙasa kuwa ko fam ɗari ba ya kaiwa.

Gwada shi da wani na Giyana, ƙasar da Ingila ta mallaka a Amurka ta Kudu. Cikin 1856 kan sarki ya ƙare musu, jirgin da zai kawo daga Landan bai kawo isasshe ba, sai shugaban gidan waya ya sa masu buga jarida na garin su buga masa na wucin gadi. Da ya ga aikin bai yi kyau ba, kowa na iya kwaikwaya, sai ya ce ko wane guda akawu ya sa masa hannu kafin a sayar. Na santi ɗaya daga cikinsu, guda ɗaya tak ya rage a duniya. Wani yaro ɗan shekara 12 ya tsince shi cikin takardun kawunsa cikin 1873, ya ga ya yi dauɗa, an yanke kusurwoyinsa, ya sayar sule shida yana murna. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Cikin 1922 an saye shi fiye da fam 7,000, cikin 1980 dala 935,000, cikin 2014 kusan dala miliyan tara da rabi. Amma da aka sake gwanjonsa cikin 2021, dala miliyan 8.3 ya yi. Watau ko sarkin kan sarki duka, mai shi ya yi hasarar fiye da dala miliyan guda cikin shekara bakwai.

Tsibirin Morishus ya buga iri biyu cikin 1847, ko wane guda 500, waɗanda aka san sun rage duka 27 ne. Cikin 1904 Joji na Biyar, tun yana yarima, ya sayi ɗaya fam 1,450. Ana ba da labari wai wani bafade ya zo yana ba shi labarin wani wawa da ya zubar da wannan dukiya a kan 'yar takarda, yarima ya ce masa ai shi ne wawan. Kuskure ma ya kan jawo tsada. Cikin 1918 Amurka ta buga na santi 24 da hoton jirgin sama, aka yi kuskure jirgin ya fito a kife a falle ɗaya mai guda 100. Wani akawu ya lura ya saye fallen dala 24, kafin mako ya zagayo ya sayar dala 15,000. Cikin 2023 an sayi guda ɗaya daga ciki dala miliyan biyu.

Mu ma muna da namu. Cikin 1904 aka buga wa Nijeriya ta Arewa kan sarki na fam 25, kore da ja, da kan Sarki Edwad. Wannan kuɗi ya fi ƙarfin wasiƙa, kuma kaɗan aka yi, shi ya sa yau dubban fam a ke sayensa. Amma na kwabo da na ahu na zamanin Joji na Shida miliyoyi aka buga, ko wane ofis da ko wane kanti ya yi aiki da su, masu ciniki a Turai a auna su ke sayarwa. Irin wannan ne mu ka tsinta.

Akwai gargaɗi biyu a nan. A Amurka, tsakiyar ƙarnin da ya wuce, mutane da yawa sun yi ta sayen sababbin kan sarki falle falle suna ɓoyewa, wai don 'ya'yansu su yi arziki. Da ya ke kowa ya ɓoye, ba abin da ya yi ƙaranci, yau magada na sayar da su ƙasa da kuɗin da ke rubuce a jiki, masu saye kuma su liƙa a wasiƙa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Gargaɗi na biyu, inda duk tsada ta ke, jabu na nan. Masana su kan ƙidaya haƙoran gefe, su duba launi, su duba alamar da ke ɓoye cikin takarda, irin wata ukun nan da malamai ke gani a tsohuwar takardar Alƙur'ani in an ɗaga ta ga haske. Na zamanin mulkin Ingila tasu alama kambi ce da haruffa. Wanda bai san waɗannan ba kada ya sa dukiyarsa, kome daɗin bakin mai talla.

DARAJA TA UKU: SHAIDA

Saura dalilin da ya sa na hana a ƙone. Kan sarki shi kaɗai abu kaɗan ya ke faɗi, amma in yana liƙe a ambulansa, da hatiminsa, ya zama shaida mai kwanan wata wadda ba a yi don a faranta wa kowa ba. Ambulan ɗinmu na da hatimi na biyu a baya, na gidan wayar da ya karɓa, tsakaninsa da na Zariya kwana biyu. Ga sunan ofis da sunan muƙami irin na lokacin, ga rubutun hannun akawun da ya aika, ga kuɗin da aka biya. Daga 'yar takardar nan mai neman tarihi zai san akwai gidan waya a wuri kaza a shekara kaza, ya san saurin tafiyar saƙo, ya san abin da kwabo ke iya yi. Akwai ƙananan garuruwa da tashoshin jirgi da aka buɗe wa gidan waya aka rufe, ba abin da ya rage na tunawa da shi sai hatimi a bayan wasiƙa.

Masu tarawa ma sun gane haka. Kan sarkin Jamus na 1923 sabo ba ya da tsada ko kaɗan, gama an bar tuli ba a yi aiki da su ba, amma ambulan da aka aika da gaske cikin kwanakin nan, da hatimi na gaskiya, ya fi shi kuɗi nesa. Haka kuma na Ingila mai hatimin Lakwaja na zamanin kamfani, hatimin ne abin nema. Wanda ya ɓamɓare kan sarki daga irin wannan ambulan ya raba shaida da maganarta, ya kuma rage wa kansa kuɗi.

Saboda haka ga shawarata ga wanda ya gaji akwatin takardu, ko aka sa shi share ɗakin ajiya. Kada a ƙone kome sai an duba. Kada a yage kan sarki daga ambulan, kada a wanke, kada a shafa masa ƙaro ko a manne shi da wani abu. A sa ko wane tsakanin farar takarda busasshiya, a ajiye inda ba laima, ba rana, ba gara. In za a ɗauki wanda ya riga ya rabu da ambulan, a sa hantsaki mai faɗin baki, don gumin hannu na ɓata shi. Wanda aka kashe da alƙalami a kan rasiɗi ko takardar yarjejeniya, masu tarawa ba su cika ba shi daraja ba, amma takardar kanta tana iya zama hujjar gona ko ta gida, a bar shi a jikinta. In takardun na hukuma ne, akwai gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, can ne wurinsu.

Yau wasiƙa ta ja baya, saƙo na tafiya ta wayar hannu cikin ƙiftawar ido, yara da yawa sun girma ba su taɓa lasar kan sarki ba. Wannan ya ƙara wa tsofaffin nauyi, gama abin da aka ƙone ba za a sake yin irinsa ba. Ran nan mun fid da ambulan 31 daga tulin da za a sa wa wuta. Masinja ya samo kwali ya jera su, saurayin nan kuwa, da ya tabbata ba miliyoyi a ciki, sai ya zauna yana rubuta sunayen garuruwan da ke jikin hatimai da shekarunsu, har ya tarar da sunan garin kakansa. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da magabata suka bari, amin.